Yadda ake kiran gayya domin yaro mai galahanga

Ranar da likita ta gama duba ɗana ta ce galahanga ce, wadda a asibiti suke kira otizim, yana da shekara 3 da wata 4, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce mini Umma ba. Ɗan fari ne, don haka ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Likitar ta rubuta mini abubuwan da zan riƙa yi, ta ce mafi yawan aikin a gida yake, kullum, a cikin wanka da cin abinci da wasa. Na karɓi takardar da hannu biyu. Wata 3 na yi ina fama ni kaɗai, ga goyon ƙanwarsa, ga girki, ga ɗinkin mutane da na karɓa. Kafin wata na uku ya ƙare na zabge, barci ya ƙaurace mini, na fara daka wa yaron tsawa. Ranar da na ɗaga hannu zan mare shi don ya kifar da kunu, sai hannun ya tsaya a sama, na shige ɗaki na yi kuka mai isata.

Mutane ba su guje ni ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, in da abin da za mu yi ki faɗa." Ni kuma in ce ba komai, na gode. Su tafi da tausayinsu, in zauna da aikina. Surukata Hajiya, wadda ta tashi a gidan manoma, ita ta warware mini. Ta ce, "Ke 'yar nan, gonar da ta fi ƙarfin mai ita gayya ake kira mata. Kuma mai gayya ba ya cewa jama'a a taimaka. Cewa yake ranar Laraba da hantsi, gonar bakin rafi, noman farko, kowa ya zo da fartanyarsa."

Shekara 4 ke nan muna kan wannan gayyar a unguwarmu a cikin Kano. Ina rubuta yadda muka kafa ta ne domin uwar da aka miƙa wa irin takardar da aka miƙa mini.

Ki san gonar kafin ki kira kowa

Matakin farko asibiti ne. In yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don ki gani, ba ya kawo miki abin wasansa ya nuna miki, ko ya fara 'yan kalmomi sai suka ɓace, kada ki zauna kan "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi". Ki nemi likitan yara. Akwai wasu tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30, su ke nuna ko akwai bukatar zurfafa bincike. Ki nace a gwada jinsa tukuna, domin yaron da kunnensa ba ya ji sosai shi ma ba ya amsa kira, kuma hanyar taimakonsa daban ce. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da sashen yara da na kunne da na ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri.

Ki gaya wa likita in yaron yana suma, ko yana ƙafewa da ido na 'yan daƙiƙoƙi ba ya jin ki, don farfaɗiya ta fi yawa a cikin yara masu galahanga, kuma tana da magani. Haka rashin barci da taurin bayan gida. Sau da yawa abin da ake kira rigima ciwon ciki ne ko ciwon haƙori a jikin yaron da ba shi da kalmar faɗa.

Kada ki fito daga wurin ƙwararren sai ya rubuta miki buri 3 kacal na wata 3 masu zuwa, da Hausar da kowa zai gane. Namu na farko su ne: ya nemi abu da miƙa hannu ko hoto maimakon ihu, ya zauna wasan ni-in-yi-kai-ka-yi na minti 2, ya wanke hannu da ɗan taimako. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Za a samu mai ce miki ai wasa da yaro ba magani ba ne. A Ingila an yi gwaji da yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4. Aka riƙa ɗaukar iyayen bidiyo suna wasa da 'ya'yansu, a kalla tare da ƙwararre, a nuna musu ƙananan alamun da yaro ke bayarwa waɗanda ke wuce su, sannan su yi atisaye na minti 30 kullum a gida. Da aka koma aka duba yaran bayan kusan shekara 6, sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya nuna alamunsu sun fi sauƙi kan na yaran da iyayensu ba su sami horon ba. A shekarar dai aka buga wani gwajin da aka yi da yara 65 a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne suka koyar da iyaye, kuma mu'amalar iyayen da yaran ta inganta. Wannan na biyun shi ya fi ƙarfafa mini gwiwa, don halin waɗancan garuruwan ya fi kama da namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu rainon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, an gwada shi a ƙasashe da dama har da Habasha, kuma tun 2022 yana nan kyauta a intanet. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi alkawarin warkewa. Galahanga yanayin halittar ƙwaƙwalwa ce, yaro da ita zai girma. Abin da ake nema shi ne ya sami hanyar faɗin bukatarsa, ya iya kula da kansa, rayuwa ta yi masa sauƙi, ta yi wa gidan sauƙi.

Faɗa wa mutane

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma akwai wanda ya kamata ya fara ji. Maigidana ya yi wata 2 bai iya furta kalmar ba. Ban yi masa gardama ba, roƙonsa na yi ya raka ni asibiti ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Daga nan sai Hajiya, don in uwar miji ta karɓi magana, sauran dangi sun karɓa. Sannan shi ya je wurin limamin masallacinmu da mai unguwa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan da kuke gani ba ya gaisuwa, ba rashin tarbiyya ba ne, lalura ce, ga abin da likita ya ce." Bayan kwana biyu, a karatun tsakanin magariba da isha, Malam ya kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Bai ambaci gidanmu ba. Amma kowa ya gane, kuma daga ranar kallon da ake yi wa yaron ya canja.

Ki shirya amsoshinki, gajeru, don tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Za a ce sammu ne, ko shafar aljanu, ko wani abu kika taka da ciki. Ni nakan ce: wani bincike na 2019 a kan yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe 5 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na dalilin gado ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, a ko'ina, maza sun fi yawa. Za a ce allurar rigakafi ce. Wannan maganar daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ta fito a 1998. Mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa, kuma manyan bincike da suka biyo baya ba su ga wata alaƙa ba. Mu Kanawa mun ga abin da jita-jitar rigakafi ta jawo mana a 2003 kan shan inna, ba ma bukatar wani ya ba mu labari.

Addu'a kuwa ban taɓa hana ta ba, ni ma kowane dare ina tofa masa Falaƙi da Nasi. Iyaka na ja: babu duka, babu hayaƙi a rufaffen ɗaki, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, babu kai shi ya kwana a wurin kowa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yara a cikinsu. Iyayen da suka kai su gyara suke nema. Ki sa maigida ya faɗi wannan iyakar da bakinsa a gaban dangi, ta fi zama.

Rabon aiki

A nan gayya take tashi ko ta watse. Kuskuren da na fara yi shi ne na zaci duk mai son taimako sai ya zauna da yaron. A mako guda fuskoki 9 suka kewaye shi, kowa da muryarsa, kowa da dabararsa, yaron ya koma bayan ƙofa ya toshe kunne. Sai muka raba mutane gida uku.

Masu zama da yaro kada su wuce 3 ko 4. A wurinmu ni ce, da babansa wanda ya ɗauki minti 15 bayan asuba na wanke hannu da sa kaya, da ƙanwata, da wata maƙwabciya, malamar firamare da ta yi ritaya, wadda duk unguwa ke kira Malama. Wajen zaɓe kada ki duba kusanci ko yawan karatu. Ki duba mai sanyin murya, mai iya yin shiru yana jira, mai zuwa ranar da ya ce zai zo. In babu irin su a kusa, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu bukata ta musamman, haka Jami'ar Jos, kuma a cikin ɗalibansu akan sami mai son ya ga abin da yake karantawa a zahiri. A Amurka, tun binciken Ivar Lovaas na 1987 da ya yi aiki da awa 40 a mako, iyalai da yawa sukan ɗebo ɗalibai da 'yan sa kai don cika awanni. Mu ba mu bi ƙirgen awa ba. Zama na minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana, sauran kuma a saƙa shi cikin hidimar gida, shi ne abin da yaron ya iya ɗauka, mu ma muka iya riƙewa shekara da shekaru.

Rukuni na biyu masu sauke wa uwa kaya ne. Su aka fi rainawa, kuma su ne ginshiƙin gayyar. Akwai goggonsa mai matuƙar ƙaunarsa, amma muryarta tana kaiwa bakin titi, kuma ba ta iya ganinsa ba ta rungume shi ba. Ban ce mata ba ta dace ba. Na ce, "Goggo, miyarki kaɗai yake ci ba gardama, ki taimake ni da ita ranar Talata." Shekara 4 kwanon bai taɓa fashi ba. Wata maƙwabciya tana karɓar goyo bayan la'asar, yaron gidan da ke kallonmu yana kai mini markaɗe, ƙanin maigidana mai adaidaita sahu yana kai mu asibiti duk wata. Kowace awa da aka sauke mini, awa ce da zan zauna a tabarma da ɗana da hankalina a jikina.

Na uku masu ido a waje: mai shago, mai shayi, mai wanki da guga, 'yan sintiri, masu adaidaita na bakin layi. Zan dawo kansu.

Yadda ake roƙon shi ne sirrin. Kada ki ce "ki riƙa taimaka mini". Ki ce, "Yaya, alfarma nake nema. Litinin da Alhamis bayan la'asar ki riƙe mini yarinyar nan awa ɗaya, na wata 3. In wata 3 ya cika sai mu sake magana." Aiki ɗaya, rana sananniya, lokaci a jingine da salla don kada a manta, da ranar ƙarewa. Mutum ya fi saurin amsa abin da ya ga iyakarsa, kuma in ya gaji yana da ƙofar fita ba tare da jin kunya ba.

Koya wa masu zama da shi

Wata Asabar na dama zoɓo, na soya cincin, muka taru mu huɗun a tsakar gida. Ban yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Na zauna a ƙasa daidai fuskarsa da ƙosai ɗaya, na gutsuttsura shi gida shida. Na riƙe gutsure ɗaya kusa da fuskata, na yi shiru, ina ƙirga 10 a zuci. Ya kalli ƙosan, ya miƙo hannu. Nan take na ba shi na ce, "Ƙosai." Kalma ɗaya. Ƙosai ɗaya ya ba mu dama shida. Abin da ya fi yi wa manya wuya shi ne shirun nan. Bakinmu ya saba da "ka ce ƙosai, ce ƙosai mana, ba za ka ce ba?" Wannan matsin rufe yaron yake yi. Duk ƙoƙarin da ya yi, kallo ne, miƙa hannu ne, ɗan sauti ne, a karɓa a biya shi nan take. In ba ya magana, a yi masa kalma ɗaya. In yana kalma ɗaya, a yi masa biyu: "ƙarin ƙosai".

Abu na biyu, a bi shi inda hankalinsa yake. Ɗana yana iya yin awa guda yana jera murafun kwalba. Malama ba ta ƙwace ba. Ta tara nata murafun, ta zauna gefensa, ta riƙa jerawa yadda yake jerawa, ba ta ce uffan ba. A rana ta 9 ta riƙe jan murfin da take ganin shi ne na gaba a layinsa. Ya nema bai gani ba, ya ɗago ya kalle ta, ya buɗe tafin hannunta ya ɗauka. Daga nan wasan ni-in-sa-kai-ka-sa ya samo asali. Kada a kama haɓarsa a ce sai ya kalli ido, da yawansu kallon ido takura ne gare su. Kaɗa hannu da jujjuya jiki kuma hanyarsa ce ta kwantar da hankali, in ba zai ji ciwo ba a ƙyale shi.

Sai hotuna. Tsarin miƙa hoto a karɓi abu, Andy Bondy da Lori Frost ne suka tsara shi a jihar Delaware ta Amurka a 1985. Mu da waya muka ɗauki hoton kofinsa, da butarsa, da ƙosai, da tabarma, da ƙofar gida, muka kai wa mai hoto ya wanke ya manne su a leda. Hoton kayansa na gaske ya fi zanen littafi saurin shiga. Hajiya ta ji tsoron hoto zai sa ya ƙi magana, amma bincike bai nuna haka ba, kuma a gidanmu kalmarsa ta farko, "ruwa", da hoton kofi a hannunsa ya faɗe ta. Ku kuma daidaita baki. In ke kina cewa "zo", babansa "taho", Malama "ya ka nan", kun ba shi aiki uku a madadin ɗaya.

Ki rataye littafi a ƙusa, a ja layi biyu a raba shafi gida uku: me ya faru kafin, me ya yi, me muka yi bayan nan. Duk wanda ya zauna da shi ya rubuta layi biyu, wanda ba ya rubutu ya aiko da saƙon murya. Littafin nan ne ya gano mana abin da ya gagare ni wata da watanni. Kullum da hantsi sai ya fashe da ihu yana buga kai a bango. Ƙanwata ce ta lura cewa lokacin ya yi daidai da tayar da injin markaɗen maƙwabta. Na je na sami matar, ban ce ta daina sana'arta ba, na roƙe ta ta riƙa turo yaro minti 5 kafin ta kunna. Da an turo sai mu nuna masa hoton injin, mu shiga uwar ɗaki, mu ja ƙofa. Buga kan ya ragu har ya zama sai jefi-jefi. Haka muka yi da masu janareto, haka muke yi in za a kafa lasifikar biki.

In kun buɗe zauren WhatsApp, ya tsaya kan masu aikin kawai, kuma a yi alkawari bidiyon yaro ba zai fita ba. Yana da mutunci, kuma wata rana zai girma ya gani.

Tsaro

Wannan ba na sassauta shi ga kowa. Duk zama a tsakar gida ake yinsa ko a ɗaki ƙofa buɗe, inda wani babba ke gani. Ɗan'uwa ne, malami ne, mace ce, doka ɗaya ce, kuma a faɗe ta tun ranar farko don kada wani ya ga da shi ake. Yaron da ba ya magana ba zai iya kawo ƙara ba. Wanka da kai shi banɗaki mu iyayensa ne kawai. Wanda ya ɗaga masa hannu sau ɗaya an sauya masa aiki.

Wata Juma'a, yana shekara 4 da rabi, maza sun tafi masallaci, na juya in sauke tukunya, na waiwayo babu shi. Minti 20 da ba zan manta ba. Mai shayi ne ya gan shi ya nufi kududdufin bayan layi, ya bi shi a hankali ya riƙo hannunsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 kan yara sama da 1,200 masu galahanga ya nuna kusan rabinsu sun taɓa ƙoƙarin sulalewa bayan sun kai shekara 4, kuma ruwa yana cikin abin da ya fi jan su, ya fi kuma hallaka su. Washegari muka sa sakata a can saman ƙofa, muka yi wa rijiya murfi da kwaɗo, muka rufe duro, na ɗinka lambar wayar babansa a cikin wuyan kowace riga. Babansa ya zaga da shi hannu da hannu wurin masu ido a waje, ya ce, "In kun gan shi shi kaɗai, ko da yana tafiya kamar an aike shi, ba a aike shi ba. Kada ku bi shi da gudu ko ihu, ku jera da shi, ku kira sunansa a hankali, ku kira ni." Muka kuma raba wuraren nema tun kafin bukata ta zo: wane kududdufi, wane bakin titi, wane masallaci don cigiya. Wurin ruwa ake fara dubawa.

Kuɗi

Dangi shida suka yi mana ɗan asusu kamar adashi, kowa da abin da ya sawwaƙa duk wata, mutum biyu ke riƙe da shi, komai a rubuce. Kuɗin ganin mai koyar da magana ne duk wata ko wata biyu don ta duba littafinmu ta sabunta buri, da kuɗin mota, da wankin hoto. Ba a taɓa shi don maganin da ake tallatawa a waya. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke warkar da galahanga. Magungunan da likita kan rubuta na farfaɗiya ne, ko barci, ko tsananin fushi mai cutarwa. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Pennsylvania ta Amurka wajen yi masa allurar da aka ce za ta wanke ƙarfe daga jininsa ta warkar da shi.

Yaran unguwa da Islamiyya

Yara sun fi manya saurin ganewa in an gaya musu gaskiya. Da na ji ana ce masa bebe a ƙofar gida, ban kore su ba, na kira su na raba musu alewa na ce, "Yana jin ku sarai. Maganar ce ke yi masa wuya, kamar yadda lissafi ke yi wa wani wuya. Wa zai taya ni koya masa?" Na zaɓi biyu masu natsuwa 'yan shekara 7, suna zuwa ranar Asabar su yi minti 10 na mirgina ƙwallo da hura kumfar sabulu, ina zaune. Yau su ne masu tsawatar wa duk wanda ya tsokane shi.

Islamiyya da minti 15 muka fara, yana zaune kusa da ƙofa, ɗan yayana a gefensa, bisa sharaɗin babu bulala a kansa, kuma in ya tashi a bar shi ya fita. Yanzu yana kai awa guda, kuma yana riƙe ƙananan surori da ka fiye da yadda yake iya hira. In wata makaranta ta nemi rufe muku ƙofa, ki sani akwai dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da nuna bambanci ba. Ki fara da lalama, ki tafi da mai unguwa ko liman, amma ki san kina da madogara. Kada kuma a manta da ƙannensa da yayyensa. Ƙanwarsa tana da nata lokacin da ni, ita kaɗai, kowace Lahadi da yamma, kuma ban ɗora mata rainonsa ba.

In gayya ta yi sanyi

Za ta yi. Azumi zai zo, damina za ta zo, wata za ta haihu. Ƙanwata ta yi aure ta koma Zariya, muka yi wata 2 da gurbinta a buɗe. Abin da ke farfaɗo da ita shi ne zaman da muke yi duk wata 3. Ina karanta musu abin da ya canja dalla-dalla: da ba ya neman ruwa, yanzu yana nema, da sai an riƙe hannunsa a buta, yanzu sai dai a tuna masa. Mai kawo miya ma ta ji cewa da miyarta aka kai nan. Wanda ya gaji a sallame shi da godiya, a tambaye shi wa yake ganin zai iya maye gurbinsa. Wanda ya zo gayyarki ke ma za ki je tasa, don haka ɗinkin sallar 'ya'yan Malama da na mai riƙe mini goyo a kaina yake.

Kada ki auna ɗanki da nawa. Nawa yana da shekara 5 ya ce Umma, yanzu yana haɗa kalma biyu zuwa uku. Akwai wata yarinya a bayan layinmu da uwarta ta kafa irin wannan gayyar, har yau ba ta magana, amma tana ɗauko hoto ta faɗi abin da take so, ta daina cizon hannunta, uwar tana barci.

Burinmu na wannan zangon aski ne. Shekara da shekaru sai yana barci nake rage masa gashi da almakashi. Mai askin bakin layi ya yarda ya riƙa buɗe mana shago ranar Talata da sassafe kafin mutane su zo, babu rediyo, babu janareto. Makon farko kujera kawai ya hau ya sauka. Mako na biyu aka yafa masa ƙyalle. A na huɗu ya taɓa injin a kashe. Yanzu muna mako na 7, yana yarda a kunna injin a ɗora masa a bayan hannu, amma da an nufi kansa sai ya zame. Talata mai zuwa za mu gwada bayan kunne, sau ɗaya, sannan ƙosai.